Majigin Gida: Finafinan Zane na Lokacin Biki a Kan Ƙaramin Zare

Kafin kaset ɗin bidiyo ya shigo kasuwa a tsakiyar shekarun 1970, duk mai son kallon fim a gidansa a lokacin da ya ga dama sai ya mallaki zaren fim ɗin kansa da na'urar haska shi. Zaren gidajen sinima faɗinsa milimita 35 ne, ga tsada ga nauyi, na'urarsa kuma sai an gina mata ɗaki na musamman. Wannan ya sa kamfanoni suka ƙera ƙananan zaruruwa masu faɗin milimita 16 da 9.5 da 8, waɗanda ake naɗewa a ƙaramin kwarkwaro, a sa a kwali, a sayar a kanti. Cikin abin da aka fi saye har da finafinan zane masu motsi, waɗanda yara ke kira katun, musamman waɗanda aka shirya domin lokacin biki. An yi kusan shekara 60 ana wannan ciniki a Turai da Amurka. A ƙasar Hausa kuwa, zare mai milimita 16 ya shigo ne ta hannun hukuma, a motar majigi da ke zagaya unguwanni da ƙauyuka. Yau waɗannan naɗe-naɗe sun zama kayan tarihi. Akwai masu tara su suna haskawa, kuma sanin yadda ake gane su da adana su ya zama fanni mai zaman kansa.

Ire-iren ƙaramin zare

Tsoron gobara na cikin manyan dalilan da suka haifar da ƙaramin zare. Tsohon zaren sinima da sinadarin naitiret aka yi shi, kuma idan ya kama da wuta ko a ruwa aka tsoma shi ba ya mutuwa, domin shi da kansa yake samar da iskar da wutar ke ci. Kano ta ga illar haka a 1951, lokacin da gobara ta tashi a sinimar El-Duniya ta hallaka mutum fiye da 300. Zare mai wannan hali bai dace da ɗakin da ke da yara da labule da tabarma ba. Saboda haka tun farko aka yi ƙananan zaruruwa da sinadarin asitet, wanda in zafi ya yi masa yawa sai ya narke ya huje, ba tare da ya tashi da harshen wuta ba.

Kamfanin Pathé na Faransa ne ya fara, a 1922, da zare mai milimita 9.5. Ana gane shi nan take, domin hujinsa, wanda haƙoran na'ura ke kamawa, a tsakiya yake, tsakanin hoto da hoto. A 1923 kamfanin Kodak na Amurka ya fito da mai milimita 16, wanda ya zama zaren makarantu da ma'aikatu da sojoji da 'yan mishan a duniya baki ɗaya. A 1932, ana tsakiyar matsin tattalin arziki, Kodak ya fito da mai milimita 8 don masu ƙaramin ƙarfi. Asalinsa zaren milimita 16 ne mai ƙarin huji: a ɗauki hoto a rabin faɗinsa, a juya a ɗauka a ɗaya rabin, bayan wanki a tsaga shi gida biyu a haɗa. A 1965 aka sake gyara shi da sunan Super 8, aka rage girman hujin, filin hoto ya ƙaru da kusan rabi.

Da ƙafa ake auna tsawon fim. Fim mai sauti yana wuce hoto 24 a kowace daƙiƙa. Ƙafa ɗaya ta milimita 16 tana ɗauke da hoto 40, don haka naɗi mai ƙafa 400 yana cin minti 11. Ƙafa ɗaya ta Super 8 hoto 72 ce, naɗi mai ƙafa 200 kuma minti 10. Wannan lissafi ne ya sa katun ya samu karɓuwa a majigin gida. Katun ɗin da ake nunawa a sinima kafin babban fim yawanci minti 7 ne, wato hoto kusan 10,000, kuma yana shiga naɗi ɗaya cif ba tare da an yanke masa komai ba. Dogon fim kuwa sai an datse shi zuwa minti 10 ko 20, mai saye ya samu guntun labari.

Sauti ma iri biyu ne. A milimita 16 siririn layi ne a gefen zare, wanda wata 'yar fitila ke haskawa na'ura ta mayar da shi murya. Saboda wannan layi, zare mai sauti hujinsa a gefe ɗaya kawai yake. A Super 8 yawanci layin maganaɗisu ne mai ruwan ƙasa, irin na zaren kaset ɗin rediyo.

Katun a cikin kwali

Kamfanin da ya fi shahara a wannan sana'a shi ne Castle Films na Amurka, wanda Eugene Castle ya kafa a 1924. Ya fara sayar wa gidaje a 1937 da hoton faɗuwar jirgin balan-balan na Hindenburg, daga nan ya shiga sayen izinin katun daga masu yin su. Ta hannunsa Woody Woodpecker na Walter Lantz da katun masu launi na Ub Iwerks suka shiga dubban gidaje. Daga baya ya koma ƙarƙashin kamfanin Universal, aka sauya masa suna zuwa Universal 8 a 1977, ya rufe a 1984 bayan bidiyo ya cinye kasuwar. Blackhawk Films da ke Davenport a jihar Iowa ya fi karkata ga tsofaffin finafinan ban dariya. A Ingila, Walton Films ya sayar da Tom and Jerry, labarin kyanwa da ɓeran da yaran Arewa suka sani ta talabijin. Derann, wanda ke garin Dudley, shi ne ya fi daɗewa: ya ci gaba da buga finafinan Disney a Super 8 shekaru da yawa bayan sauran sun daina, har ya rufe a 2011.

Fim ɗaya yakan fito a siga da yawa, gwargwadon aljihun mai saye. Akwai guntu mai ƙafa 50 wanda bai wuce minti uku zuwa huɗu ba, akwai cikakke mai ƙafa 200. Akwai marar sauti, wanda aka sa wa rubutu tsakanin fitowa da fitowa, akwai mai sauti. Katun da yawa da aka yi su da launi an sayar da su baƙi da fari don sauƙin farashi. Kwalin kansa yana da daraja wajen masu tarawa, domin zanen da ke jikinsa yakan nuna zamanin da aka buga shi.

Finafinan lokacin biki

Kirsimeti ita ce kakar wannan kasuwa. A watan Disamba rana na faɗuwa da wuri a ƙasashen sanyi, iyali na taruwa a ɗaki, na'urar majigi kuma tana cikin kyaututtukan da ake saya wa gida. Su ma kamfanonin zane sun saba fitar da fim na musamman a ƙarshen shekara. Disney ya fitar da Santa's Workshop a 1932, inda ake nuna masu ƙera kayan wasa suna haramar biki, ya biyo da The Night Before Christmas a 1933, sannan Pluto's Christmas Tree a 1952. Kamfanin 'yan'uwa Fleischer ya yi Christmas Comes But Once a Year a 1936, labarin wani tsoho mai dabara da ya harhaɗa tarkacen kicin ya yi wa marayu kayan wasa. Kamfanin MGM ya fitar da Peace on Earth a 1939, watanni kaɗan bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, inda dabbobi ke ba 'ya'yansu labarin yadda mutane suka ƙarar da junansu da yaƙi. A 1941 Tom and Jerry suka samu nasu fim ɗin na daren Kirsimeti, wanda kyanwar ke toshe wa ɓeran ƙofa ta bar shi a waje cikin dusar ƙanƙara, daga baya tausayi ya kama ta ta shigo da shi ta ɗumama shi. A 1948 Max Fleischer ya shirya labarin Rudolph, barewa mai jan hanci.

Jigon waɗannan finafinai bai wuce kyauta da tausayin maraya da sulhu tsakanin abokan gaba ba, abubuwan da mai kallo a Zariya ba ya buƙatar a fassara masa. Magana a cikinsu kaɗan ce, kiɗa da motsi ne ke ɗaukar labarin. Masu tarawa a Turai da Amurka sukan ajiye su shekara guda ba su taɓa ba, sai Disamba ta zo su fito da su, su gayyaci maƙwabta da yara. Wannan al'ada ta taimaka wa naɗe-naɗen, domin fim ɗin da ake haskawa sau ɗaya a shekara bai cika gogewa ba.

Majigi a ƙasar Hausa

Sayen fim don kallon iyali bai zama al'ada a Arewa ba, domin na'urar da zaren duk daga waje suke, wutar lantarki kuma ba ta kai yawancin gidaje ba. Amma ƙaramin zare ya kai ga jama'a fiye da yadda sinima ta kai. Wani jami'in kiwon lafiya a Legas, William Sellers, ya fara amfani da fim tun ƙarshen shekarun 1920 wajen wayar da kai game da annobar da ɓeraye ke yaɗawa, daga nan ya sa aka haɗa mota mai janareta da na'ura da lasifika. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen finafinai na ƙasashen da take mulka ta ba shi shugabanci, sashen ya yi aiki har 1955. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa nata sashen a Kaduna, motocinta suka riƙa bin larduna ta hannun En'e.

Tsarin zuwan majigi kusan ɗaya ne a ko'ina. Mota takan iso da la'asar, a kai gaisuwa wajen hakimi ko mai unguwa, sannan a zagaya da lasifika ana shela. Kafin magariba an kafa farin ƙyalle a filin makaranta ko ƙofar fada, an jera kujerun manya. Duhu na yi a tayar da janareta. Yara su zauna a ƙasa daf da ƙyallen, magidanta a baya, mata daga gefe. Mai sharhi na tsaye kusa da na'ura da makirfo a hannu yana bayani da Hausa, yana sa wa mutanen cikin fim sunaye, yana jefa barkwanci inda ya ga jama'a sun fara gajiya. Ana farawa da labaran duniya da na manyan ƙasa, a shiga fim ɗin tsafta ko noma ko riga-kafi, a kuma saka na ban dariya irin na Charlie Chaplin don kada fili ya watse. Baban Larai, wasan da ke koyar da noman zamani, na cikin waɗanda dattawa ke tunawa har yau. Majigi kyauta ne, kuma da yardar sarauta ake yinsa, don haka bai gamu da ƙyamar da aka yi wa gidajen sinima ba, waɗanda ake ɗauka matattarar 'yan iska.

Zariya na tsakiyar wannan aiki na wayar da kai. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, daga nan kuma aka riƙa buga littattafan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Unguwannin da ke wannan yanki, irin su Tudun Jukun da Tudun Wada, suna kewaye da makarantu: Kwalejin Barewa, wadda ta koma Zariya a 1949, da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, da tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya. A wancan zamani na'urar milimita 16 na cikin kayan koyarwa na manyan makarantu, kuma ofisoshin British Council da na yaɗa labarai na Amurka suna ba da aron finafinai. Tsofaffin ɗakunan ajiya na makarantu da ma'aikatun gona da na yaɗa labarai da majami'un Wusasa da Sabon Gari su ne irin wuraren da mai neman gwangwanayen fim zai fara tambaya.

Lokacin biki ma ya bar nasa hotunan. Jami'an mulkin mallaka da malaman makaranta da 'yan kasuwa baƙi sun ɗauki hawan Sallah na Zazzau da Kano da Katsina da ƙananan kyamarori, haka ma babban hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956. Da yawa daga irin waɗannan naɗe-naɗe sun bi masu su zuwa Turai. Ma'ajiyar tarihi ta birnin Bristol a Ingila na riƙe da tarin finafinan da ɗaiɗaikun mutane suka ɗauka a ƙasashen da Ingila ta mulka, har da Najeriya.

Mai zanen Tawa

Ƙaramin zare ya ba maƙwabciyar ƙasa Nijar nata mai zanen katun. An haifi Moustapha Alassane a 1942 a N'Dounga da ke Nijar. Tun yana yaro yake yanka kwali yana haska shi da fitila, yana nuna wa 'yan'uwansa wasan inuwa. Ya koyi kanikanci, sannan ya samu aiki a cibiyar bincike ta Yamai inda ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi fice wajen ɗaukar fim da kyamarar milimita 16. Daga nan ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren. Fim ɗinsa La Mort de Gandji ya samu lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. A shekarar ya fitar da Bon Voyage Sim, katun na 'yan mintuna da ke nuna shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki da dukkan shagalin faretin da aka saba gani, habaici ga shugabannin bayan 'yancin kai. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana masu launi, ya kuma yi Kokoa, inda kwaɗi da sauran dabbobi ke kokawar gargajiya da makaɗa da alƙalin wasa. Ya jagoranci sashen fim a Jami'ar Yamai shekaru da dama, daga baya ya zauna a Tawa, inda ya ci gaba da zane yana koyar da matasa. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015.

Abin da mai tarawa ke dubawa

Mai saye da ya san hannunsa ba ya fara ɗora naɗi a na'ura. Yakan buɗe gwangwanin ya fara sansanawa. Sannan ya wanke hannu, ya kama zaren ta gefe da yatsa biyu, ya warware ƙafa biyar ko shida ya ɗaga sama wajen haske. Yana duba ko hujin ya yage, ko akwai dogayen layukan gogewa, ko an yi haɗi da yawa, ko sunan fim na farko yana nan, domin farkon naɗi shi ne ke fara lalacewa. Idan ya ajiye zaren a tebur ya ga yana lanƙwashewa ko gefensa na tattarewa, to ya fara tsukewa, kuma haƙoran na'ura za su yaga shi.

Launi ma abin dubawa ne. Yawancin finafinan da aka buga a zaren Eastmancolor daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 sun koɗe sun koma ja-ja, domin rinin shuɗi da na rawaya sun fi saurin gushewa. Ba a iya dawo da wannan launi a jikin zaren. Kodachrome, wanda ya fito a 1935, da bugun rini na Technicolor suna riƙe launinsu shekaru masu yawa, shi ya sa suka fi tsada. A 1982 Kodak ya fito da zare mai jure koɗewa, mai alamar LPP a gefensa. Gefen zaren Kodak yana kuma ɗauke da 'yan alamomi, da'ira da murabba'i da alwatika, masu nuna shekarar da aka ƙera shi. Suna maimaituwa duk bayan shekara 20, don haka sai an haɗa da wasu shaidu kafin a yanke hukunci.

Zafi, danshi da ƙura

Babbar cutar zaren asitet ita ce tsami. Zafi da danshi na sa sinadarin ya fara sakin ruwan tsami irin na khal, kuma tsamin da ya fita shi ke ƙara hanzarta ruɓewar. Wari ne alamar farko, sannan zaren ya tsuke, ya yi taushi ko ya bushe ya riƙa karyewa, a ƙarshe hoton ya ɓare daga jikinsa. Ba ta da magani, sai dai a rage mata gudu. Tururin yana kama naɗin da ke kusa, kamar yadda ruɓaɓɓen tumatir ɗaya ke lalata kwando, don haka wanda ya fara wari ware shi ake yi nesa da sauran. Cibiyar binciken adana hotuna ta Rochester a Amurka ta ƙiyasta cewa a ɗaki mai zafin digiri 21 da danshi kashi 50 cikin 100, sabon zare zai kai kimanin shekara 40 kafin cutar ta fara. Inda zafi ya fi haka, wa'adin na raguwa ƙwarai. Zaren foliyesta na baya-bayan nan ba ya kamuwa da ita.

Kowane lokaci na shekara a Zariya da irin barazanarsa. Bazara, musamman Maris da Afrilu, tana mayar da ɗaki mai rufin kwano wurin da zare ba zai daɗe ba. Damina, wadda ke kai ƙarshen ƙarfinta a Agusta, tana kawo danshi da fumfuna, fumfuna kuma tana cin fuskar hoton kanta. Hunturu na busar da zare, ƙurarsa kuma in ta shiga na'ura sai ta zana layi daga farkon fim har ƙarshe. Abin da ya fi dacewa shi ne ɗaki mafi sanyi a gida, mai kaurin bango ko rufin soro, a kan kanta nesa da ƙasa saboda gara da ruwa. A kwantar da gwangwanaye a jere, kada a tula da yawa. A cire takarda da roba da tsatsa daga ciki. Kada a ɗaure naɗi a leda a toshe, domin tsamin na buƙatar hanyar fita. Sau ɗaya a shekara a buɗe a sake naɗewa a hankali, an fi so a farkon hunturu lokacin da iska ta bushe.

Haskawa

Na'urorin da aka fi samu a gwanjo su ne Bell & Howell da Eiki da Elmo na milimita 16, sai Eumig da Bauer da Sankyo da Elmo na milimita 8. An daina ƙera su, don haka bel da ƙwan fitila su ne abin da mai na'ura ke tanada. Wadda aka yi don Amurka wutar bolt 110 zuwa 120 take sha, ta Najeriya kuwa 230 ce. In aka jona ta ba taransifoma, nan take za ta ƙone. Wasu injinan ma gudunsu na bin bugun wutar, ta Amurka 60 ta nan 50, sai a ji muryoyi sun yi nauyi. Janareta mai hawa da sauka na kashe ƙwai, don haka ana sa na'urar daidaita wuta a tsakani.

Kafin a ɗora fim ana share hanyar da zare ke bi da ɗan burushi mai laushi, musamman ƙofar da haske ke ratsawa. Ana barin ɗan lanƙwasa a sama da ƙasan ƙofar, domin a nan zare tsayawa yake yana tafiya, alhali sauran jikinsa na gudu bai ɗaya. In lanƙwasar ta ɓace hoto zai yi rawa, huji ya yage. Kada a sa zare mai sauti na milimita 16 a tsohuwar na'ura mai haƙora a gefe biyu, domin za ta huda layin sautin. Haka kuma milimita 8 na da da Super 8 ba sa shiga na'urar juna, sai wadda aka yi don duka biyun. Mai haskawa ba ya barin wurin, hannunsa na kusa da makunni, kunnensa na kan ƙarar injin.

Zama na minti 40 zuwa awa ɗaya ya ishi yara, wato naɗi huɗu ko biyar, da ɗan hutu lokacin sauya kwarkwaro. Farin bango ko zanen gado da aka ɗaure sosai ya wadatar, muddin wurin ya yi duhu. Don zaman yaran Sallah akwai finafinan da suka fito daga Dare Dubu da Ɗaya, irin su aikin Bajamushiya Lotte Reiniger, wadda ta yi The Adventures of Prince Achmed a 1926 da yankakken baƙin kwali, ta kuma yi gajerun labarai irin na Aladdin a Landan a shekarun 1950. Wajibi ne babba ya fara kallon kowane naɗi shi kaɗai, domin wasu tsofaffin katun na Amurka suna ɗauke da zanen izgili ga baƙar fata da Larabawa.

Izini da ajiyar hukuma

Mallakar naɗi ba ta ba mutum haƙƙin fim ɗin da ke ciki ba. An sayar da waɗannan finafinai ne don kallon gida, kuma haka aka rubuta a kwalayensu. Nuna su ga jama'a da karɓar kuɗin ƙofa na buƙatar izinin mai haƙƙi da na hukumar tace finafinai. Wasu sun fita daga wannan ƙaidi saboda tsufa, kamar Steamboat Willie na 1928, wanda ya zama na kowa a Amurka ranar 1 ga Janairun 2024.

Katun na Castle ko Disney an buga shi dubbai, in kwafi ɗaya ya lalace akwai wani. Naɗin da aka ɗauka a gida, na hawan Sallah ko bikin aure ko taron makaranta ko wasan majigi na Hausa, sau da yawa shi kaɗai ne a duniya, don haka ba a ɗora shi a na'ura sai an kwafe shi zuwa kwamfuta hoto bayan hoto, a kuma ajiye asalin. Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, tana da ma'ajiyar fim da bidiyo da sauti ta ƙasa a Jos. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka gano naɗe-naɗensa a 2016 a wani tsohon ginin hukumar a Legas. Cibiyar Arsenal ta Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin a 2018. Wanda ya ci karo da gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar makaranta ko cikin kayan gado, abin da ake so shi ne ya rubuta duk abin da ke jikin gwangwanin da inda aka same shi, ya ware masu wari, ya mayar da sauran wuri mai sanyi, sannan ya sanar da ma'ajiyar Jos ko Gidan Arewa da ke Kaduna.